Hannun Abdulkarimu Da Kunyar Inna Atu

Sallama gare ku, 'yan'uwana masu bin wannan labari, da waɗanda suka aiko mini da addu'a da waɗanda suka ce in haƙura in dubi wani. Na karanta duka, kuma ban ƙullaci kowa ba.

Ga wanda yau ne farkon shigowarsa: sunana Kamila, ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar firamare a cikin garin Tambuwal. Wanda nake so sunansa Abdulkarimu, mutumin Kebbe, malamin tarihi a makarantar sakandare. A watan Shawwal magabatansa suka kawo kayan neman aurena. Kwana goma sha tara bayan haka, yana tsaye gaban allo yana rubutu, alli ya suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi shi ƙasa. Hawan jini ne da bai san yana ɗauke da shi ba, ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na dama, yana da shekara talatin da huɗu. Magana ta dawo cikin mako uku. Ƙafa ta dawo, ko da yake yana ɗan janta. Hannu ne ya dunƙule ya ƙi buɗewa.

Mahaifina tsohon akawun ƙaramar hukuma ne. Ya kama aiki tun Kebbe tana ƙarƙashin Tambuwal, kafin a yanke ta a 1996, kuma har gobe ba ya yanke magana sai ya sa mata rana. Ba mugu ba ne, ina roƙonku ku daina rubuta haka. Abin da ya ce mini shi ne:

"Ban ƙi yaron ba, Kamila. Amma malamin da bai riƙe alli, in ba bana ba, baɗi hukuma za ta sallame shi. Na ba shi zuwa ƙarshen watan Mauludi. In hannun ya riƙe alli, a sa rana. In bai riƙe ba, a maida masu kayansu cikin mutunci."

Ranar da zan ba ku labarinta, kwana goma sha ɗaya suka rage.

Baba bai yarda da labarin waya ba, don haka ya tashi yayarsa, Gwaggo Na'iya, ta je Kebbe ta gano hannun da idonta. Gwaggo mace ce da ba ta taɓa yin ƙarya ba ko don a ji daɗi, kuma tun farkon ciwon ita ce kan gaba wajen cewa in janye. Na yi kwana biyu ina roƙo kafin a yarda in bi ta, da sunan dubiya.

Da safe ina ɗaura ɗankwali saƙonsa ya shigo. Da babban yatsan hagu yake rubutu yanzu, shi ya sa kowane saƙo yakan ɗauke shi lokaci.

"Ranki ya daɗe, na ji yau alƙaliya za ta zo. Ki shaida mata wanda ake tuhuma yana nan kwance bisa matashi, ba shi da niyyar gudu."

Na rubuta: "Ka bar wasa. Ya motsa?"

Sai da na gama sa hijabi amsar ta zo. "Na'ura tana buɗe shi. Shi da kansa, shiru."

Atamfa shuɗiya na sa, mai zanen ganye, da hijabi ruwan toka. Na ɗan goga jan baki, Gwaggo ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Dubiya za mu ko gidan buki?" Na goge. Muka ɗauki ƙwan zabi da kankana biyu da kwalbar zuma, muka nufi tasha da hantsi, domin hanyar Kebbe yanzu ba a kai yamma a kanta.

Bari in yi muku bayanin na'urar, don abin da ya faru ya rataya ne a kanta. Malama Khairiyya ce ta ba shi, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi a wani asibiti a Sakkwato. Girmanta bai wuce ƙaramar rediyo ba. Tana da waya biyu masu faifai da ake mannawa a bayan damtsen hannu, ƙasa da gwiwa, sai waya ta uku mai madanni. In aka danna, lantarki kaɗan yana taɓa jijiyar da ke buɗe yatsu, sai su buɗe. Amma Malama Khairiyya ta ja kunne cewa ba buɗewar ce magani ba. Ƙwaƙwalwa ce ta ɓata hanya, ita ake koya wa. Sai shi ya yi niyya, ya yunƙura da dukkan ƙarfinsa, a daidai lokacin da aka ga alamar motsi a danna, don ƙwaƙwalwa ta haɗa niyya da aiki. Shi ba zai danna wa kansa ba, saboda hagunsa yana tallafe da gwiwar hannun. Dole wani ya zauna ya zuba wa hannun ido.

Abdulkarimu, da yake ba ya ganin abu ya bar tarihinsa, ya taɓa yi mini doguwar lacca a waya. Wai tun ƙarni na goma sha takwas aka ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa da lantarki a Italiya, kuma a 2021 Amurka ta amince da wata na'ura da ake dasawa a jiki, tana taɓa wata doguwar jijiya a wuya yayin da majinyaci yake motsa hannu. "Tamu ta talaka ce, bisa fata take," in ji shi, "amma dokarsu guda: a danna kan lokaci. Kuma in mataccen kwaɗo ya harba, ni da raina ba ni da uzuri."

Kwana arba'in ke nan ana yi, safe da yamma, babu fashi. Mahaifiyarsa, Inna Atu, ita ke riƙe madannin. Mahaifinsa ya rasu, ƙanwarsa tana aure nesa, su biyu ne a gidan.

Mun isa kafin azahar. Gida ne mai zaure ɗaya, da rumbuna biyu, da rumfar kara a tsakar gida, an share ko'ina har ana ganin sawun tsintsiya. Inna Atu ta tarbe mu, siririyar dattijuwa mai magana ƙasa-ƙasa. Na durƙusa na gaishe ta, na koma bayan Gwaggo na zauna a bakin tabarma, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga shi ya fito daga ɗaki, cikin farar jallabiya, ya rame, hannun dama yana naɗe a ƙirjinsa. Wata huɗu rabona da ganinsa. Ya gaishe da Gwaggo a ladabce, sa'an nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malama, ya yara?"

"Suna lafiya," na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Gwaggo ba ta ɓata lokaci ba. "Abdu, ni ba fira ta kawo ni ba. A kunna abin in gani."

Ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno, ya ɗora hannun bisa matashi a kan wani ɗan tebur, ya manna faifan da kansa. Inna Atu ta zo ta ɗauki madannin, ta ja wayar iyakar tsawonta, ta zauna. Ta ba shi baya, fuskarta tana kallon bangon rumbu.

Ya yi gyaran murya. Ta danna. Yatsun suka buɗe kamar an ja su da zare, suka koma. Ya sake gyaran murya, ta sake dannawa.

Na yi ta kallo har sau bakwai kafin in gane abin da nake gani. Gyaran muryar yakan zo tukuna, lantarki ya biyo, sa'an nan in ga jijiyar wuyansa ta tashi yana yunƙuri, bayan na'ura ta riga ta gama aikinta. Wani lokaci kuma yakan fara yunƙurin, sai ya sake shi don ya yi gyaran murya. Ko sau ɗaya niyyarsa ba ta haɗu da lantarkin ba.

Abdulkarimu ɗan fari ne. Na san haka tun da daɗewa, amma ban taɓa kawo shi cikin lissafin ciwon ba. Inna Atu tana kunyarsa irin kunyar mutanen da: ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta ɗora masa ido. Kakarsa ce ta ɗauke shi tun ranar yaye, ita ta raine shi har ta rasu. Da Malama Khairiyya ta tambaye shi wa zai taimaka masa a gida, ya ce mahaifiyata, ta ce madalla. Shi bai ga abin faɗi ba, ita ba ta ga abin tambaya ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Gwaggo, ba haka likita ta ce ba."

Gwaggo ta juyo ta harare ni. Yarinya ta gyara wa uwar miji aiki a tsakar gidanta, tun ba a ɗaura ba. Na sunkuyar da kai, amma na ci gaba, hawaye na sauka a kan hijabina. "Cewa ta yi a dubi hannun."

Abdulkarimu ya ciro wayarsa, ya kira Malama Khairiyya, ya sa a bayyane, ya faɗa mata yadda suke yi, bai rage komai ba.

"Malam Abdulkarimu," ta ce, "kwana arba'in da gyaran murya?"

"Kwana arba'in."

Muka ji ta sauke numfashi. "Laifina ne da ban ce ku gwada a gabana ba. Ba a yi asara duka ba, naman hannun bai bushe ba, gaɓoɓin ba su ƙage ba. Amma ƙwaƙwalwa ba ta koyi abin da muke so ba. Ba don murya ake dannawa ba, don motsi ake dannawa. Ku dubi bayan hannun, wajen gindin manuniya. In kun yi talatin, ku kashe na'urar ya gwada shi kaɗai. Kuma kada ku sa rai da abin mamaki, wannan aikin watanni ne."

Da aka kashe wayar, Inna Atu tana nan yadda take, bayanta gare mu, madannin a cinyarta. Daga bisani ta ce, da bango take magana amma Gwaggo take nufi:

"Na'iya, ke ma kin haihu. Shekara talatin da fuɗu ban ɗora ido bisa wancan ba shina kallona. Yanzu da furfura za ni fara?"

Na ɗauka Gwaggo za ta miƙe ta ce mu tafi, ta ga abin da ta zo gani. Sai na ji ta ce, da wata murya da ban san tana da ita ba, "Nawa ɗan farin, ran da za shi Makka, bayan ɗaki nit tsaya ina kuka har mota tat tashi. Ban yi mai sallama ba. Na san abin da kika ji."

"To, ƙaƙa za ni yi?"

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi rumfar. Sai ta ce, "Wai wa yac ce ki dubi fuska? Likita hannu tac ce."

Ta miƙe, ta je igiyar shanya ta ciro wani zanen saƙi mai kauri, ta ce, "Ke Kamila, tashi ki kama nan, kin zauna sai kuka kamar an aiko ki." Muka ɗaure zanen tsakanin dirkoki biyu na rumfar, ya sauko har ya taɓa teburin. Abdulkarimu ya koma ta can baya. Gwaggo ta ɗaga gefen zanen kaɗan ta ce, "Miƙo shi, Abdu. Shi ɗai muka so, kai ka zauna inda kake."

"Gwaggo, yau an raba ni da hannuna a gaban shaidu," in ji shi daga bayan zane.

"Rufe baki, malamin surutu."

Hannun ya fito ta ƙarƙashin zanen, daga gwiwa zuwa yatsu, ya kwanta bisa matashi. Inna Atu ta juyo a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya fashe. Ta matso. Ni ina gefenta, ina ganin fuskarta.

Ta daɗe tana dubansa. Ba ta taɓa madannin ba. Idonta ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani tsohon tabo da ya ratsa gindin babban yatsa.

"Na'iya, wanga tabon fa?"

Daga bayan zane ya ce, "Gwaggo, ki ce mata lauje ne. Ina shekara tara, a gonar Kaka."

"Na ji labari lokacin," in ji Inna Atu. "Na aika da man shanu." Ta sake duban tabon. "Ban san haka girmanai yake ba."

Gwaggo ta kau da kai tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, wanda babu abin da ya same shi.

Aka fara. Na farko ta makara. Na biyu ta yi gaggawa. A na uku na nuna mata wurin da ɗan yatsana, ban taɓa shi ba, na ce, "Inna, nan." Wata 'yar jijiya ce take ɗagowa a ƙarƙashin fata, ba ta kai kaurin zaren ɗinki ba, ta ɓace nan take. Ni kaina sai na ƙura ido ƙwarai nake ganinta. Amma idon da ya shekara hamsin yana tsintar tsakuwa cikin shinkafa ba ya buƙatar a nuna masa sau biyu. Daga na biyar ba ta ƙara kuskure ba. Jijiya ta ɗago, ta danna, yatsu su buɗe. Ina jin numfashinsa a bayan zanen kamar na mai ɗaukar dami. Gwaggo ce take ƙirgawa da carbinta.

"Talatin," ta ce. "A kashe."

Na kashe na'urar. Hannun yana kwance a dunƙule. Kaji suna tono a gindin rumbu, wani mai babur ya wuce a waje.

Babu abin da ya faru. Na fara ƙirga kwana goma sha ɗaya a zuciyata, ina tunanin yadda za a fitar da akwatunan daga ɗakin mahaifiyata.

Sai manuniya ta ɗaga. Babban yatsa ya bi ta. Tsakaninsu ya buɗe kamar faɗin ƙwayar wake, suka tsaya suna rawa, sa'an nan suka koma.

Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya yi kabbara da ƙarfi. Inna Atu ta ajiye madannin a kan tabarma. Ta dubi zanen, daidai inda fuskarsa take a ɗaya gefen, ta ce:

"Sannu."

Ba ta ce a gaya masa ba. Shi ta gaya wa. Na ga zanen yana girgiza, ga shi babu iska.

A mota Gwaggo tana ta jan carbinta, tun daga Kebbe har muka fara hango gidajen Tambuwal. Gero ya nuna a gonaki, wasu har sun fara yanka. Wayata ta yi ƙara, na duba a ɓoye cikin hijabi, saƙonsa ne.

"Ba a kwance zanen ba. Ta ce a bar shi nan."

Na rubuta: "Kai fa?"

"Ban sani ba, Kamila. Yau na ji muryarta ta nufo ni."

Mun tarar da Baba a zaure bayan la'asar, da tabarau a hanci, yana sauraron rediyo. Ya kashe ta. Na durƙusa a bakin ƙofa, Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Yaya, sannu da hanya. Magana ɗaya nika tambaya. Hannun shina riƙe alli?"

Na rufe ido. Na roƙi Allah, a karo na farko a rayuwata, ya sa Gwaggo ta yi ƙarya.

"Bai riƙewa," ta ce. "Kuma ban ga alamar za shi riƙe cikin kwana goma sha ɗaya ba."

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Ban ƙare ba," in ji Gwaggo. Ta kwashe labarin duka ta faɗa masa, da bangon rumbu, da gyaran murya, da zane. "Kwana arba'in ɗin da kaka ƙirga, ba a yi su ba. Yau anka fara. In ka ce a maida kaya, kai ke da ɗiya, ba ni hana ka. Amma ka nemi mai kaiwa. Ni ƙafata ba ta shiga gidan matar nan da akwati bisa kai."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa. Sa'an nan ya dube ni, abin da bai cika yi ba in ana maganar aurena.

"Kin gani da idonki?"

"Na gani, Baba."

"Ba na'ura ba? Shi da kansa?"

"Ni na kashe ta."

"Yatsa nawa?"

"Biyu."

Ya ɗaga hannunsa na dama, ya haɗa babban yatsa da manuniya, ya duba. Ya kawo na tsakiya ya jingina da su, ya sake dubawa.

"Da ukku aka riƙe alli," ya ce.

Ya maida tabarau, ya juya ga kalandar da ke rataye a bangon zaure, ya ɗaga shafin watan Mauludi ya dubi na bayansa, ya ɗaga wannan ma.

"Kamila, shiga ki ɗauko mini biro."